Aikin Gayya Da Neman Haƙƙin Muhalli: Yadda Talaka Ke Mallakar Gida A Manawashi Da Sauran Unguwannin Gombe

Mafi yawan gidajen da masu ƙaramin ƙarfi ke kwana a cikinsu a biranen Arewa, masu su ne suka gina su da kansu, ɗaki bayan ɗaki, cikin shekaru masu yawa. Magidanci kan sayi fili da kuɗin adashi ko na amfanin gona, ya buga bulo ɗari biyu ya ajiye, ya jira wata shekara ya zuba harsashi, sannan ya tare a ɗaki guda tun kafin a yi wa bango filasta. Haka abin yake a Manawashi, ɗaya daga cikin unguwannin birnin Gombe masu cunkoson jama'a da ke maƙwabtaka da Pantami, haka kuma yake a Bolari, Jekadafari, Herwagana da Nasarawo.

A wannan doguwar tafiya, taimakon maƙwabta da 'yan uwa yana da babban matsayi. Sai dai ƙarfin hannu kaɗai yana rage kuɗin ƙwadago ne, ba ya taɓa tsadar fili, ba ya samar da takardar mallaka, ba ya kuma tare kwarin da ke cin bayan gida kowace damina. Waɗannan suna buƙatar jama'a su haɗa murya ɗaya su tunkari hukuma. Wannan bayani ya duba ɓangarorin biyu: aikin sa kai na unguwa, da neman haƙƙi a gaban gwamnati.

Me ake nufi da gida mai sauƙin kuɗi?

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne kada kuɗin muhalli, haya ne ko biyan bashin gini, ya wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da iyali ke samu. Idan aka ɗauki mafi ƙarancin albashi na ƙasa, Naira dubu 70 da aka amince da shi a watan Yulin 2024, kashi 30 ɗinsa Naira dubu 21 ne a wata, wato Naira dubu 252 a shekara. Duk gidan da ya ci fiye da haka, to ya shiga cikin kuɗin abinci, magani da makarantar yara.

Sauƙin kuɗi kaɗai bai isa ba. A shekarar 1991, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa ya zayyana sharuɗɗa bakwai na muhallin da ya dace da ɗan Adam: tabbacin cewa ba za a tashi mutum ba bisa ƙa'ida ba, samun ruwa da sauran abubuwan buƙata, sauƙin kuɗi, ingancin gini, sauƙin shiga ga masu rauni, kusanci da wurin aiki da makaranta da asibiti, da kuma dacewa da al'adar mazauna. Sharaɗi na ƙarshe yana da ma'ana ta musamman a ƙasar Hausa, inda gida ba ya cika sai da zaure ko wurin karɓar baƙi, da tsakar gida mai sirri ga iyali.

Najeriya ta shiga yarjejeniyar 1966 da ta tanadi wannan haƙƙi a shekarar 1993. Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 shi ma ya ɗora wa gwamnati alhakin tsara manufofinta ta yadda kowane ɗan ƙasa zai samu matsuguni da ya dace. Amma wannan sashe yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da shi. Abin da kotu ke iya karewa kai tsaye shi ne sashe na 43, 'yancin mallakar gida ko fili a ko'ina cikin ƙasa, da sashe na 44, wanda ya wajabta biyan diyya idan gwamnati ta karɓi dukiyar mutum.

Alkaluman ƙarancin gidaje a Najeriya sun daɗe ana jayayya a kansu. An yi ta ambaton miliyan 17, wasu su ce miliyan 20 ko 28, yayin da tsohon ministan ayyuka da gidaje, Babatunde Fashola, ya fito fili ya ce adadin miliyan 17 ba shi da madogara. Ƙidayar jama'a da gidaje ta ƙarshe an yi ta ne a 2006. Wannan giɓi na daga cikin dalilan da suka sa ƙidayar da unguwa ke yi wa kanta ke da daraja, kamar yadda za a gani a gaba.

Yadda Gombe ta cika

Modibbo Buba Yero ne ya kafa masarautar Gombe a zamanin jihadin 1804, da hedikwata a Gombe Abba. Turawan mulkin mallaka suka mayar da ita Nafada a 1913, sannan zuwa Gombe Doma, inda birnin yake a yau, a 1919. Cinikin auduga da gyaɗa da zuwan jirgin ƙasa a shekarun 1960 suka mayar da garin cibiyar kasuwanci ta Arewa maso Gabas.

Babban sauyi ya zo ranar 1 ga Oktoban 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire jihar Gombe daga tsohuwar jihar Bauchi. Ma'aikata suka dawo gida, ma'aikatu da bankuna suka buɗe ofisoshi, aka kafa jami'ar jihar a 2004. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Gombe na da mutum sama da dubu 260 a faɗin da bai wuce murabba'in kilomita 52 ba, abin da ya sa birnin ya malala cikin ƙananan hukumomin Akko, Kwami da Yamaltu-Deba.

Daga baya rikicin Boko Haram ya koro dubban iyalai daga Borno, Yobe da Adamawa, musamman a 2013 da 2014. Mafi yawansu ba a sansani suka zauna ba. Sun sauka ne a gidajen 'yan uwa da abokan kasuwanci, ko suka kama haya a cikin unguwanni, kuma da yawa sun mayar da Gombe gida. Karɓar da jama'ar gari suka yi musu ita kanta aikin sa kai ce ta fuskar muhalli, ko da ba a rubuta ta a rajistar kowace hukuma ba. Sai dai ta ƙara wa ɗakunan haya da filaye daraja, kuma unguwannin tsakiyar gari irin su Manawashi, da ke kusa da kasuwa da wuraren neman abinci, su ne suka fi jin nauyin.

Gayya: tsohuwar hanyar gina gida

Gayya ita ce mutum ya gayyaci jama'a su taya shi aikin da ya fi ƙarfinsa, ba don lada na kuɗi ba. Mai gayya shi ne da abinci da fura da goro, wani lokaci da makaɗi, kuma bashi ne a wuyansa ya amsa kira ranar da wani ya gayyata. An fi saninta a noma, amma tana da gurbi babba a gini: haƙar ƙasa, kwaɓa ta da ramno, yin tubali, ɗaukar azara, yaɓe kafin damina da ɗora jinka. Daga nan ne karin maganar nan ya fito cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A tsohon tsari, aikin ƙwarewa na magina ne, waɗanda a manyan birane kamar Kano da Zariya suke ƙarƙashin Sarkin Magina, yayin da aikin ƙarfi ke kan dangi da maƙwabta. Ƙasa da ciyawa kuwa suna nan a bayan gari. Saboda haka talaka na iya mallakar ɗaki ba tare da ya riƙe kuɗi mai yawa ba.

Siminti, bulo, rodi da kwano sun sauya wannan lissafi. Kayan gini yanzu saye ake yi, kuma aikin ya koma hannun birkila da kafinta da mai walda da ake biya. Jihar Gombe na da kamfanin siminti na Ashaka a ƙaramar hukumar Funakaye, wanda ya fara aiki a 1979, amma kusanci da masana'anta bai kare mazauna jihar daga hauhawar farashi ba. A farkon 2024, buhun siminti ya haura Naira dubu 10 a sassa da dama na ƙasar, har sai da gwamnatin tarayya ta kira manyan kamfanonin zuwa taro.

Duk da haka gayya ba ta mutu ba, ta sauya kama ne. Ana ganinta a haƙar harsashi, jidar yashi da ruwa, ranar zuba dakin, gyaran katangar da ruwa ya kayar, yashe lambatu, da ginin masallaci ko makarantar Islamiyya ko coci. Ana kuma ganinta a aljihu: adashin mata da na 'yan kasuwa, ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da ke sayen fili babba su yanka wa mambobi, da gudummawar da ake haɗawa bayan sallah idan gobara ta cinye gidan wani.

Fili da takarda

Tun daga 1978, Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a. A cikin birni, gwamna ne ke bayar da haƙƙin zama a fili, wanda ake tabbatarwa da takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O, galibi ta tsawon shekara 99 ga gidan zama. A karkara, ƙaramar hukuma ke bayar da haƙƙin gargajiya. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da filin da gwamna ya bayar da haƙƙinsa ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka.

A aikace, jama'a sun san filaye iri biyu. Akwai awon gwamnati, wanda hukuma ta tsara da tituna da wurin makaranta da magudanar ruwa. Akwai kuma awon igiya, inda mai gona ko magadansa ke yanka ta su sayar ta hannun dillali, a rubuta takardar ciniki da sa hannun shaidu da mai unguwa. Awon igiya ya fi araha, kuma shi ne ƙofar da mafi yawan talakawa ke shiga. Illarsa tana fitowa daga baya: lungu ya yi ƙunci har motar kashe gobara ba ta iya shiga, ba a bar hanyar ruwa ba, wani lokaci a sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, kuma banki ba ya karɓar takardar mai unguwa a matsayin jingina.

Rabon gado na ƙara wani ƙulli. Gidan da uba ya gina kan rabu tsakanin magada ba tare da an sabunta takarda ba, har a kai ga jikoki suna zaune a gidan da babu sunan ko ɗayansu a rubuce. Mata da marayu ne suka fi cutuwa idan rikici ya taso.

A Gombe, gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya, wadda ta hau mulki a 2019, ta kafa hukumar GOGIS domin mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta da sabunta takardun mallaka, yayin da hukumar GOSUPDA ke kula da tsara birni da bayar da izinin gini. Ga mazaunin unguwa irin Manawashi, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce nawa ne kuɗin safiyo da na rajista, kuma wata nawa za a jira. A nan ne ƙungiya ta fi mutum ɗaya: idan gidaje hamsin na layi guda suka nemi a auna su tare, kuɗin safiyo yana raguwa a kan kowa, kuma suna da bakin neman rangwame ko biya kashi-kashi.

Asusun gidaje da matsalar rance

Gwamnatin tarayya ta daɗe tana gwada hanyoyin samar da gidaje. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973. Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, ya samo asali ne daga wata cibiya ta 1956, aka ba shi sunansa na yanzu a 1977. Gwamnatin Shehu Shagari ta ƙudiri gina gidaje dubu biyu a kowace jiha duk shekara, kuma har yau akwai unguwanni a garuruwan Arewa da ake kira da sunan gidajen. A watan Fabrairun 2024, Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da sabon shirin gidaje a Karsana da ke Abuja, kuma Gombe na cikin jihohi 12 da aka ware wa gidaje 250 kowacce a zangon farko.

Hanyar da ta fi shafar ma'aikaci ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda doka mai lamba 3 ta 1992 ta kafa. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi duk wata, mai zubi kuma na iya neman rance a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya biya cikin shekara 30 a mafi tsawo. Wanda bai ci rance ba ana mayar masa da kuɗinsa idan ya yi ritaya. Gyaran doka na 2023 ya mayar da zubin ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Bankin na da rancen gyaran gida, da tsarin haya har a mallaka, da rance na musamman ga ƙungiyoyin gama kai.

Lissafi mai sauƙi na nuna inda gizo ke saƙar. Rancen Naira miliyan 5 a kan kashi 6 cikin ɗari na shekara 30 yana nufin biyan kusan Naira dubu 30 duk wata. Idan biyan ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu ba, to sai mai samun kusan Naira dubu 90 a wata ne zai iya ɗauka, kuma wannan ya haura mafi ƙarancin albashi. Ga ɗan acaɓa, mai Keke Napep, tela ko mai sayar da ƙosai, waɗanda ba su da takardar albashi, ƙofar da ta fi kusa ita ce shiga ƙungiyar gama kai mai rajista, wadda za ta tsaya musu a gaban banki.

Akwai kuma batun riba, wanda ke sa Musulmi da yawa kauce wa rancen banki gaba ɗaya. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, sai TAJ a 2019 da Lotus a 2021, an samu hanyoyin da ba na kuɗin ruwa ba, kamar murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa mutum da ribar da aka sani tun farko, da ijara, inda mutum ke biyan haya har gidan ya zama nasa. Wakafi ma hanya ce da shari'a ta tanada: mai hali ya tsayar da gida ko fili don marayu, zawarawa ko malamai, ba a sayarwa ba a gada.

Kwari da ambaliya

Birnin Gombe yana zaune ne a cikin kwari, da tudu a yammacinsa, kuma ƙasarsa mai yashi ce da ruwa ke saurin ci. Duk rufin kwano da duk titin kwalta da aka ƙara a tudu yana ƙara ƙarfin ruwan da ke gangarowa cikin gari. Wannan ya haifar da manyan kwaruruka da suka ratsa unguwanni, suna faɗaɗa kowace damina, suna cin gidaje da maƙabartu da hanyoyi. Ambaliyar da ta auka wa birnin a 2004 ta yi sanadin asarar rayuka da gidaje masu yawa.

Filin da ke bakin kwari shi ne mafi araha, don haka shi talaka ke iya saye. Ke nan wanda ya fi kowa wahalar tara kuɗin gini shi ne ya fi kowa kusa da rasa ginin a dare ɗaya.

Mazauna unguwanni kan yi abin da za su iya: jera buhunan yashi, dasa itatuwa da ciyawa mai riƙe ƙasa, hana zuba shara da ɗibar yashi a kwari, da yashe magudanai kafin saukar ruwa. Shirin dashen itatuwa na jihar da aka fi sani da 3G, wanda aka ƙaddamar a 2019, ya dogara sosai da irin wannan kulawa, domin itacen da ba a ba shi ruwa a rani ba ba ya kai damina. Amma kwarin da ya kai zurfin gida mai hawa ya fi ƙarfin gayya. Irinsa sai manyan ayyuka, kamar wanda shirin NEWMAP mai tallafin Bankin Duniya ya yi a kwarin da ya tashi daga jami'ar jihar ya bi ta Malam Inna zuwa Kagarawal, da wanda shirin ACReSAL ya ɗauka a kwarin Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Kwaruruka sun fi kuɗin da ake da shi yawa, saboda haka unguwar da ta tattara hujja ta kai kukanta a rubuce ta fi samun shiga jerin waɗanda za a duba.

Abin da wasu al'ummomi suka gwada

Ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa a 1976 a garin Americus na jihar Jojiya ta Amurka, ita ce ta fi shahara a wannan fage. Kafin kafa ta, sun gwada tsarin a Afirka, a garin Mbandaka na ƙasar Zayar, Kwango ta yanzu, daga 1973. Ƙa'idarsa ita ce iyalin da za su mallaki gida su zuba sa'o'in aiki tare da 'yan sa kai, a sayar musu ba tare da riba ba, kuma abin da suke biya ya koma asusun gina wa na gaba. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya shiga aikin a 1984 ya kuma ci gaba da shi shekaru da dama. A Najeriya, gidauniyar da ke ɗauke da sunan Fuller ta gina ƙananan gidaje a Luvu da ke jihar Nasarawa, kusa da Abuja.

A Uruguwai ta Kudancin Amurka, dokar gidaje ta 1968 ta amince a ƙirga aikin hannun mambobin ƙungiyar gama kai a matsayin kashi 15 cikin ɗari na kuɗin gini. Kowane iyali na bayar da kimanin sa'a 21 a mako, gwamnati ta ba da rancen sauran, ƙungiya kuma ta riƙe mallakar gidajen don kada a sayar da su ga masu kuɗi. Ma'anar wannan ita ce doka ta ɗauki gayya a matsayin jari.

A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, Akhtar Hameed Khan ya fara wani shiri a 1980 inda mazauna kowane layi ke haɗa kuɗi su shimfiɗa magudanar layinsu da taimakon masana, hukuma kuma ta ɗauki nauyin babbar magudanar da ƙananan ke zuba a ciki. Wannan rabon aiki ya dace da halin unguwannin Gombe: lambatun layi na mazauna ne, babban kwari na gwamnati.

A cikin gida, darasin ya zo daga Legas. An rushe Maroko a watan Yulin 1990, aka raba kimanin mutum dubu 300 da muhallinsu. Da aka tashi mazauna Otodo Gbame a 2016 da 2017, al'ummomin bakin ruwa sun riga sun haɗu a ƙungiya ɗaya mai asusun ajiya da bayanan mazauna, tare da lauyoyin ƙungiyar JEI. A watan Yunin 2017, babbar kotun jihar Legas ta yanke cewa korar mutane ba tare da tuntuɓa da tanadin wani matsuguni ba ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Hukuncin bai dawo da gidajen da aka rushe ba, amma ya zama madogara ga waɗanda ke fuskantar rusau a wasu wurare.

Yadda ƙungiyar unguwa ke tsayuwa da ƙafarta

Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta ba mutum goma damar yin rajistar ƙungiya ta matakin farko a ofishin da ke kula da gama kai na jiha. Ƙungiyar ci gaban unguwa kuma na iya yin rajista a ƙaramar hukuma, ko a Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Rajista ce ke ba ƙungiya damar buɗe asusun banki da sunanta, riƙe fili, da shigar da ƙara.

Mataki na farko shi ne ƙidaya: gida nawa ne a unguwar, nawa ke da takardar gwamnati, nawa ke haya, nawa ke bakin kwari, nawa ruwa ya ci a damina uku da suka wuce. Matasa masu wayar hannu na iya ɗaukar hotuna da alamar wuri. Takardar koke mai ɗauke da irin wannan bayani, da sa hannun mai unguwa da limamai da shugabannin mata, ta fi nauyi a teburin kansila, ɗan majalisar jiha ko kwamishina fiye da ƙorafi a rediyo kaɗai. Lokacin da ya fi dacewa a kai ta shi ne kafin a kammala kasafin kuɗin shekara, sa'ad da ake sauraron ra'ayin jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar tambayar hukumomin tarayya yadda aka raba gidajen da aka gina da kuɗin jama'a, kuma ta wajabta amsa cikin kwana bakwai.

Mataki na biyu shi ne amana. Abin da ya fi kashe irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne kuɗi a hannun mutum ɗaya, da shigar siyasar jam'iyya. Sa hannun mutum uku a asusu, karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, da ƙayyade wa'adin shugabanci, su ne rigakafin da aka sani. Idan za a raba fili ko kayan gini, a rubuta ƙa'idar tun kafin kayan su iso.

Mataki na uku shi ne a tabbatar kowa na ciki. Masu haya su ne suka fi yawa a wasu layukan, kuma damuwarsu daban ce: biyan shekara guda a dunƙule, la'adar dillali, ƙarin kuɗi babu sanarwa da rashin rubutacciyar yarjejeniya. Mata kuwa su ne ƙashin bayan adashi, kuma shari'a da dokar ƙasa duk sun ba su 'yancin mallakar gida da sunansu. Ƙungiyar da ta ƙunshi masu gidaje maza kaɗai ta bar rabin ƙarfinta a waje.

Iyakar aikin sa kai

Akwai haɗari idan yabon gayya ya zama dalilin da hukuma za ta janye hannunta. 'Yan sa kai ba sa iya shimfiɗa babban titi, jawo bututun ruwa daga Dadin Kowa, ko tsara sabuwar unguwa. Gini da hannun da bai ƙware ba shi ma yana da haɗari, musamman idan za a ɗora bene ko a rage siminti da rodi don tsimi, don haka ko a aikin gayya dole a samu ƙwararren da zai duba harsashi da dakin. Masana a cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa sun daɗe suna nuna cewa bulon jar ƙasa da aka matse da ɗan siminti yana rage kuɗi kuma yana sanyaya ɗaki, amma karɓuwarsa na buƙatar injin matsewa da horo, abin da ƙungiya za ta iya saya ta riƙa ba mambobi aro.

Duk ranar Litinin ta farko a watan Oktoba ake bikin Ranar Muhalli ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 1985, kuma muradi na 11 na ci gaba mai ɗorewa ya sa 2030 a matsayin shekarar da kowa zai samu matsuguni mai aminci da sauƙin kuɗi. A Gombe, Oktoba ne ƙarshen damina, lokacin da ake ganin katangun da suka faɗi da taƙin da kwari ya ƙara ci. Shi ne kuma lokacin da ake shirya kasafin kuɗin sabuwar shekara. Unguwar da ta fito gayyar gyara a wannan wata, ta kuma aika wakilanta da ƙidayar ɓarnar a rubuce zuwa majalisar jiha da hukumomin filaye, ta yi amfani da hannunta da bakinta a lokacin da kowannensu ya fi tasiri.